A Sawun Gidan Feuchtmayer, Daga Wessobrunn Zuwa Birnau

Wessobrunn ƙauye ne a kudancin Jamus, cikin jihar Bavariya, kudu maso yamma da birnin Munich. In ka sauka daga jirgin ƙasa a garin Weilheim, bas ce za ta ƙarasa da kai, tana ratsa makiyaya da ƙananan dazuzzuka, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya. Ba wani abu a bakin hanya da zai shaida maka cewa daga wannan ƙauye da maƙwabcinsa Haid aka sami masu filastar ado sama da 600 waɗanda har yau aka san sunayensu, mutanen da suka ƙawata coci-coci da fadoji a ƙarni na 17 da na 18, tun daga Faransa har Rasha. Gidaje ƙalilan ne suka riƙe sana'ar, ɗa na karɓa daga uba, suruki na ɗaukar suruki aiki: gidan Schmuzer, gidan Zimmermann, gidan Üblhör, da gidan Feuchtmayer, wanda wani reshensa ke rubuta sunan Feichtmayr. Sawun wannan gida na ƙarshe na bi, tare da ƙanina da ke karatun zanen gine-gine a Munich, wanda ya zame mini tafinta da jagora.

Yadda manoman ƙauye suka zama gwanayen Turai yana da dalili. Yaƙin shekara talatin, wanda aka gwabza daga 1618 zuwa 1648, ya bar kudancin Jamus kango. Da ƙura ta lafa, gidajen zuhudu, waɗanda ke da gonaki da dazuzzuka da talakawa masu biyan haraji, suka shiga gasar sabunta gine-ginensu. Cocin Katolika kuma tun taron Trent, da aka rufe a 1563, ta tsaya a kan cewa hoto da siffa suna koyar da wanda bai iya karatu ba, saɓanin 'yan Furotesta da suka share yawancin ado daga wuraren ibadarsu. Da farko 'yan Italiya ake ɗaukowa su yi filastar. A 1680 shugaban gidan zuhudun Wessobrunn, Leonhard Weiss, ya fara sake gina gidan tun daga tushe, ya damƙa aikin a hannun wani ɗan garin, Johann Schmuzer. Wannan aiki na shekara da shekaru shi ya zama makarantar samarin ƙauyen. Da suka ƙware sai suka fara fita, kuma fitar tasu cin rani ce sak, sai dai lokacin ne ya juya: kwaɓin farar ƙasa ba ya kamawa cikin tsananin sanyi, don haka da ƙanƙara ta narke maza suke ɗaure kayan aiki su kama hanya, mata su riƙe gona da shanu, sai dab da hunturu a dawo da kuɗi.

Abin da ya rage a Wessobrunn yana sa jiki ya yi sanyi. A 1803 gwamnatin Bavariya ta ƙwace dukiyar gidajen zuhudu, ta sallami mazaunansu, a 1810 kuma aka rushe babban cocin gidan. Saura wata tsohuwar hasumiya mai launin toka, da wani sashe na masaukin baƙi, mai doguwar baranda, da kuma wani zaure mai sunan Tassilo, basaraken da ake danganta kafa gidan da shi a ƙarni na 8. Rufin barandar cike yake da ganyaye da furannin farar filasta masu kauri, suna lanƙwasa suna shiga juna. Wannan salon farko ne, mai nauyi, irin na Schmuzer. Na daɗe ina kallonsa, domin shi ne ma'aunin da zan auna abin da 'ya'ya da jikoki suka yi daga baya.

Daga nan muka biya ta Diessen a bakin tafkin Ammersee, inda 'yan'uwa biyu, Franz Xaver da ƙaninsa Johann Michael Feichtmayr, suka yi ado a cocin da aka kammala a 1739. Ba mu jima ba, muka nufi yamma zuwa Ottobeuren, kusa da Memmingen.

Tun daga nesa ake hango hasumiyoyin Ottobeuren biyu, kowace ta haura mita 80, a garin da bai kai ya kawo ba. An fara ginin cocin gidan zuhudun garin a 1737, aka keɓe shi a 1766, don bikin cikar gidan shekara dubu da kafuwa a 764. Na cire hula a bakin ƙofa kamar yadda al'adar wurin ta tanada. Abin da ya fara dukan idona haske ne. Bango fari fat, tagogi manya marasa launi, sai ginshiƙai masu ruwan hoda da toka-toka suna sheƙi, sama kuma zanen ƙubba kamar an yaye rufin. Tsakanin farin bango da zanen rufi, nan aikin Johann Michael yake, wanda aka haifa a Haid a 1709, ya kafa shagonsa a Augsburg. Adonsa ba ganye ba ne, ba fure ba ne. Wani abu ne tsakanin ƙwaryar katantanwa ta bakin teku da harshen wuta da kumfar ruwa, yana tasowa daga kan ginshiƙi, ya haye gefen zane, ya ɓoye layin da bango ya ƙare rufi ya fara. Ɓangaren dama ba ya taɓa zama daidai da na hagu, amma ido ba ya jin an karkata. Wannan shi ne salon Rokoko, autan zamanin Barok, wanda ya taso daga Faransa, masu ɗab'in zane na Augsburg suka baza samfurinsa a takarda.

Ƙanina ya ja ni jikin wani ginshiƙi. "Yaya, ɗora tafin hannunka a nan, ka ɗan jira." Na ɗora. Ba a jima ba wurin ya ɗauki ɗumin hannuna. Ya ce, "Da dutsen mabul ne na gaske, da sanyinsa zai ci gaba da cin hannunka. Wannan kwaɓi ne."

A nan ya kwance mini yadda ake aikin, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Kayan haɗin ba su wuce farar ƙasa da yashi da ruwa ba, sai garin nan da masu silin na POP ke kwaɓawa. Garin yana saurin daskarewa, don haka ake zuba masa ruwan danƙon da aka dafa daga fata da ƙashi, ya jinkirta shi, ya kuma ƙara masa ƙarfi. In mabul ake so, sai a kwaɓa curi-curi, kowane da launinsa, a naɗe su cikin juna kamar kwaɓin burodi, a yanka falle-falle, a manna a jikin ginshiƙin bulo ko katako. Idan ya bushe sai a shiga guga. Ana farawa da dutse mai kaushi, a toshe ƙananan ramuka, a sake gogewa da wanda ya fi shi laushi, haka dai hawa-hawa har a kai ga dutsen da ke fito da sheƙi, a rufe da mai ko kakin zuma. Ribarsa ita ce mai aiki shi ke zaɓar launi da jijiyar dutsensa, ba sai abin da ramin haƙa ya bayar ba, kuma ba a buƙatar jawo dutse da keken shanu ta kan tsaunukan Alps. A yau, saboda tsadar hannu, wannan mabul na kwaɓi yakan fi na gaske kuɗi. Shi kuwa adon rufi, a can sama ake yin sa, a kan katakon da aka ɗaɗɗaura, mutum ya ɗaga kai yini guda. Ana zana layi da gawayi, a kafa ƙusoshi da waya inda adon zai fito waje, a ɗora kwaɓi da ɗan cokalin ƙarfe da yatsa, a siffanta shi kafin ya kama. Wanda hannunsa ya yi jinkiri, sai ya kankare ya sake. Manyan mutum-mutumi kuwa cikinsu ƙarfe ne da itace da ciyawa.

Ni Musulmi ne, kuma addinina bai yarda da siffar mai rai a wurin ibada ba. Ban shiga waɗannan wurare don ibada ba, ban kuma fito da wani ra'ayi dabam a kan wannan ba. Amma hakan bai rufe mini ido daga ganin gwaninta ba, kuma mafi yawan aikin Johann Michael ma ba siffar kowa ba ce, ado ne zalla, layi da lanƙwasa. Mutum-mutumin da ke Ottobeuren yawancinsu na wani masassaƙi ne, Johann Joseph Christian, wanda suka daɗe suna aiki tare. Johann Michael ɗan kwangila ne mai tawaga, ya san yadda ake sa maizane da masassaƙi da mai shafa zinariya su yi magana da murya ɗaya. Su biyun ne kuma suka yi aikin Zwiefalten, inda muka yada zango a kan hanyarmu. Can akwai wani mumbari da ba na mantawa da shi, an yi masa ado da ƙasusuwa da ƙoƙunan kai suna komawa mutane, bisa wahayin Ezekiyel na tashin matattu, shi kuma Ezekiyel yana tsaye a ginshiƙin da ke fuskantarsa. Babban aikin Johann Michael na ƙarshe yana can arewacin Bavariya, a Vierzehnheiligen, cocin da Balthasar Neumann ya tsara, inda bagaden yake tsaye a tsakiyar ɗaki ana zagaya shi. An keɓe cocin a 1772, shekarar da shi ma ya rasu.

Ɗaya reshen gidan kuwa tafkin Bodensee ya nufa, wanda wasu ke kira tafkin Constance, a inda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka haɗa iyaka. A 1697 gobara ta cinye gidan zuhudun Salem, ɗaya daga cikin mafi arziki a yankin, wanda ba ya ƙarƙashin kowa sai sarkin daular. Cikin waɗanda aka kira don sabon gini akwai Franz Joseph Feuchtmayer, haifaffen Wessobrunn a 1660, wanda ya yi ta yawon aiki a Ostiriya. Ya zauna a ƙauyen Mimmenhausen kusa da Salem, ya rasu a 1718, ya bar shago a hannun ɗansa Joseph Anton, wanda aka haifa a Linz a 1696. Saurayin bai tsaya a kan abin da ya gada ba. A Weingarten ya yi aiki kusa da wani ɗan Italiya, Diego Francesco Carlone, ya koyi yadda ake goge farar filasta har ta yi sheƙi kamar tangaran. Da wannan ilimi ya yi shekara hamsin yana aiki a kewayen tafkin: Meersburg, tsibirin Mainau, St. Gallen, da Birnau.

Cocin Birnau ita ce maƙasudin tafiyar, kuma ta cancanci wahalar. Tana kan tudu, gonakin inabi na gangarowa daga ƙofarta har bakin ruwa, fuskarta ruwan hoda da fari, hasumiya ɗaya a tsakiya. Ranar da sama ta washe ana hango tsaunukan Suwizalan a ƙetaren tafki. Asalinta rigima ce. Tsohon wurin ziyarar yana kewaye da ƙasar birnin Überlingen, kuma gardama ba ta ƙarewa tsakanin birnin da 'yan zuhudun Salem. A 1746 'yan zuhudun suka ɗauke siffar Maryamu da mutane ke ziyarta, suka rushe tsohon cocin, suka fara sabo a kan ƙasarsu. Peter Thumb ne magini, Gottfried Bernhard Göz na Augsburg ya zana rufi, Joseph Anton Feuchtmayer ya ɗauki filasta da bagadai da mutum-mutumi. A 1750 aka gama, a zamanin shugaban gidan Anselm na Biyu. Shekara huɗu kacal, kuma ina ganin wannan sauri yana cikin sirrin kyanta, domin ba a sami lokacin da wani zai zo ya sauya shawara ba.

Ottobeuren tana sa mutum ya ji ƙanƙantarsa. Birnau ɗaki ɗaya ce, babu ginshiƙi a tsakiya, kana shiga ka ga kome. Ɗakin yana tsukewa sau biyu kafin ya kai ga babban bagade, wata siririyar baranda kuma ta zagaye bango tana lanƙwasa, da siffofin kawunan manzannin Almasihu a jere a kanta. Tagogi hawa biyu ne, kuma hasken da ke shigowa ya riga ya bugi ruwan tafki, sai ka ga yana motsi a kan farar filasta. Akwai agogai a cikin ɗakin ibadar kansa, ɗaya da siffar rana, ɗaya da ta wata, don tuna wa mai ziyara cewa lokaci na tafiya.

Jama'a kuwa wuri ɗaya suke taruwa, gefen dama, wajen bagaden Bernard na Clairvaux, babban malamin ɗariƙar 'yan zuhudun Salem a ƙarni na 12, wanda aka yi wa laƙabi da mai zaƙin baki kamar zuma. A jikin bagaden Joseph Anton ya tsayar da wani ɗan yaro mai ƙiba, ya rungumo amya a gefe guda, ya tsoma yatsa ya kai baki. Jamusawa na kiransa mai lasar zuma, kuma hotonsa yana kan kowane katin gaisuwa a shagunan bakin tafki. Ban yi zaton zai burge ni ba, saboda abin da aka cika yayatawa yakan gaza. Da na tsaya gabansa na ga dalili. Jikin yaron a murɗe yake, ƙugu ya nufi nan, kafaɗa ta nufi can, ƙafa ɗaya kamar za ta zame, ido ya karkata gefe irin na yaron da ya san ana iya kama shi. Fatar tana sheƙi har ka ce da ɗumi. Wanda ya yi wannan ya zauna da yara, ya lura da su sosai.

"Yaya, yanzu ka duba tsofaffin," in ji ƙanina, yana nuna mini manyan siffofin da ke gefen babban bagade, na iyayen Maryamu da na iyayen Yahaya. A nan ne na san inda zan ajiye hukuncina. Wuyansu dogo, yatsu sirara, goshi a tattare, riguna suna karyewa kamar iska na kaɗa su daga ciki. Babu wanda ya tsaya cak. Johann Michael ya fi kowa iya cika ɗaki da ado, ban musa ba. Amma Joseph Anton shi ne gwanin gidan, domin shi ya sa kwaɓin farar ƙasa ya nuna tsufa da fargaba da ɗoki, abin da ko a dutse ba kowane masassaƙi ke iyawa ba.

Ba nisa da cocin, akwai maƙabartar fursunoni 97 da suka mutu a sansanin aikin dole na 'yan Nazi kusa da Überlingen, inda aka sa su haƙa ramuka cikin dutse a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Yawancin motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa tsayawa a nan. Mun tsaya.

Mimmenhausen tafiyar 'yan mintoci ce daga tafkin. Gidan da Joseph Anton ya yi shago yanzu ɗan ƙaramin gidan tarihi ne mai sunansa, kuma a ƙauyen ya rasu a farkon watan Janairun 1770. Shagon ya koma hannun yaronsa Johann Georg Dirr. A wannan shekara ta 1770 mai mulkin Bavariya, Max Joseph na Uku, ya fitar da doka cewa sababbin coci-cocin ƙasarsa su kasance masu sauƙin fasali, a daina filastar da ta wuce kima da adon da dokar ta ɗauka shirme. Salem ba ta ƙarƙashin Bavariya, amma iskar ta kai can. Da muka shiga babban cocin Salem na ga abin da Dirr ya yi bayan maigidansa: bagadai na farin dutse mai santsi, layi a miƙe, tuluna da dala-dalan ado, kome a natse. Aiki ne mai kyau, amma hannun da aka horar a Birnau ya koyi wani yare. Cikin shekara talatin da 'yan kai gidajen zuhudun da ke ba da kwangila su ma aka rufe su. Franz Xaver ƙarami, wanda ya ci gaba da sana'ar gidan a Munich, ya rasu a 1803, shekarar da aka ƙwace Wessobrunn.

Abin da ya biyo baya ya fi ɓata mini rai. Mutanen ƙarni na 19 sun raina wannan salo, suna ganinsa almubazzaranci da rashin kamun kai. A Beuron, a bakin kogin Danube, akwai babban bagaden da Joseph Anton ya yi wajen ƙarshen rayuwarsa, wanda ake lissafawa cikin manyan ayyukansa. A 1872 'yan zuhudun da suka gaji wurin suka farfasa shi, domin bai dace da sabon salon da suke so ba. Ba yaƙi ba ne, ba gobara ba, masu gida ne da kansu. Birnau ta tsira ne saboda an manta da ita: an rufe ta a 1804, ta zauna a kulle fiye da shekara ɗari, ba wanda ya kashe kuɗi ya gyara ta zuwa son ransa, har 'yan zuhudu daga Mehrerau ta Ostiriya suka sake buɗe ta a 1919.

Mai karatu, musamman ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Jamus, in Allah ya kai ka kudancin ƙasar, kada ka tsaya a kantunan Munich da Stuttgart. Ɗauki jirgin ƙasa zuwa bakin Bodensee, ka fara da Mimmenhausen ka ga inda aka yi kwaɓin, sannan ka hau tudun Birnau da hantsi kafin motocin baƙi su cika wurin. In kana da ɗa ko ƙane mai sha'awar aikin gini, tafi da shi.